Ranar da Aka Mayar da Rautarmu Gada

Na san wasunku za su ce ba ni da hankali. Ku faɗa, ni ma na sha faɗa wa kaina. Shekarata ashirin da bakwai, na yi karatu, ina da aikin yi, amma wata huɗu cur na yi ina soyayya da layin rubutu guda ɗaya a cikin manhajar rautar gidanmu, wato akwatin da ke raba mana intanet. Ku gyara zama, daga tushe zan ɗauko muku.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har maƙwabta. Mu biyu ne a wurin Umma da Abba, ni da Yaya, wanda yake aiki a ƙasar waje da matarsa da 'ya'yansa biyu. A gida nake aiki, ina amsa kiran kwastomomin wani kamfanin kayan ɗaki, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu abin sauraro na manne a kunnena. Bara Abba ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Da aka yi masa aiki, asibiti suka haɗa mu da wani mai gashin ƙashi da zai riƙa zuwa gida sau uku a sati yana koya masa tafiya.

Abba tsohon shugaban makaranta ne, bai iya jira ba. So yake a kwana biyu ya tashi ya yi gudu. Shi kuwa mai gashin, duk tsawar da aka daka masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Sannu-sannu, Abba. Ƙafa ba ɗaliba ba ce, ba ta jin tsawa." Daga nan Umma ta laƙaba masa Malam Sannu-Sannu, sunan kuma ya bi shi.

Dogo ne, siriri, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da biro biyu a aljihu. Zif ɗin jakarsa ya lalace, da igiyar takalmi yake ɗaure ta. In zai yi dariya sai ya kare bakinsa da bayan hannu, kamar wanda aka kama yana laifi. Ni dai ban san ranar da na fara gane sallamarsa tun daga bakin get ba.

Rautarmu Yaya ne ya saya. Tana kan tagar falon Abba, wadda ke kallon titi, kuma wayfay biyu take bayarwa, na 'yan gida da na baƙi. Ni ke kula da ita ta waya. Na baƙin ni na raɗa masa suna, Shigo Da Sallama. Rannan Malam Sannu-Sannu ya nemi lambar sirri don ya nuna wa Abba wani bidiyon motsa ƙafa, na ba shi. Da na leƙa jerin wayoyin da suka hau, sai ga sabon suna: Kar A Taɓa.

Na kai musu shayi na ce, "Malam, wayarka ce ke mana gargaɗi a cikin gidanmu?"

Ya kare baki. "Ƙannena ne suka ishe ni. A ina kika gani?"

Na nuna masa jerin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato duk ranar da na zo kusa, sai kin sani?"

"Ko da a titi ka tsaya."

Daga shayi aka koma hira a baranda, daga hira aka koma saƙonni. Ba zan ɓoye muku ba, wata bakwai ɗin da ya yi yana zuwa gidanmu ban taɓa jin gajiyar aiki ba. Ranar da Abba ya tako daga ɗaki zuwa get da ƙafarsa, Malam Sannu-Sannu da kansa ya durƙusa ya faɗa masa cewa yana sona da aure. Ni ina bayan ƙofa ina saurare.

Sai na ji Abba ya ce, "Wata bakwai kana riƙe da ƙuguna, ashe idonka na kan ƙofar kicin. Na buɗe maka gida a matsayin mai magani, sai yau zan ji?"

Ya sa aka kira ni. Ya ce bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba, amma ransa ya sosu, a ba shi lokaci. "Kada in ji kira, kada in ga saƙo, kada ƙafarsa ta tako gidan nan sai na neme shi. Kun yi alkawari?" Muka yi. Malam Sannu-Sannu kuwa mutum ne da in ya ce i, to i ɗin ce har ƙasa.

Sati guda na yi kamar an zare min laka. Ran nan da yamma intanet na ja, na buɗe manhajar in ga wa ke cinye mana ita. Ƙarfe biyar da minti ashirin. Wayar Umma, talabijin, kwamfutata, sai kuma a can ƙasa, a ɓangaren baƙi: Kar A Taɓa.

Na lallaɓa falon Abba na ɗaga gefen labule. Ga 'yar motarsa ruwan toka a tsallaken titi, ƙarƙashin bishiyar da ke gefen mai faci. Yana zaune a ciki, hannu biyu kan sitiyari, yana kallon gabansa. Ko juyowa bai yi ba. Minti goma ya yi, ya tayar da mota, sunan ya ɓace daga jerin.

Washegari haka. Jibi haka. Kowace ranar aiki, in ya taso daga asibiti. Bai kira ba, bai turo saƙo ba, ƙafarsa ba ta tako gidan ba. Alkawari na nan daram. Ni ma ban taɓa fita ba. Amma ku ji haukan: ƙarfe huɗu na yi zan ajiye abin sauraro, in yi wanka, in zaɓi doguwar riga, wani lokaci in canza har sau biyu, in sa kwalli, in fesa turare, sannan in zauna a bakin gado da waya a hannu. Kwalliya don mutumin da ba zai gan ni ba. Umma ta taɓa leƙowa ta ce, "Auta, unguwa za ki?" Na ce a'a, zafi nake ji. Ta kalli ɗan kunnena ta ce, "Lallai zafin bana da kwalliya ya zo."

Ana cikin haka Gwaggo, yayar Abba, ta shigo da nata shirin. Akwai wani mai kemis a layinsu, ta ce ta san shi tun yana rarrafe. Abba ya ba shi izinin zuwa, ya zo sau biyu. Kuma don Allah kada ku zage shi, ba shi da laifi. Mutum ne mai natsuwa, yana tambayar lafiyar Umma da gaske, yana sauraro in ana magana. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi ba ne.

"Me kike jira?" in ji Gwaggo, tana gyara mayafi a kafaɗa. "Wancan wata huɗu ko tari bai yi ba. Namijin da ke so ba ya shiru haka, ko an ɗaure shi. Ni dai kafin ƙarshen satin nan ina son amsa, kada a mayar da ɗan mutane abin wasa."

Na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ce mata yana tari kullum ƙarfe biyar da ashirin?

A satin ne kamfanin intanet suka sauya mana layi. Ran Litinin suka kawo nasu akwatin, suka kafa shi a lungun baya kusa da sito, inda wayarsu ta shigo, suka ja waya daga shi zuwa tsohuwar rautarmu. Tun daga ranar kira ya fara yankewa. Kwastoma na tsaka da faɗa a kan kujerar da ta iso da karyayyar ƙafa, sai ɗif. Umma na kallon jikokinta a bidiyo, sai fuskokinsu su daskare, ta yi ta shafa gilashin tana cewa, "Ku motsa mana." Shugabata a wurin aiki ta turo min gargaɗi. Dole na kira kamfanin.

Ran Talata da hantsi suka turo injiniya. Mace ce, za ta yi arba'in, da rigar aiki mai aljihu barkatai da kwamfuta a rataye. Ta duba akwatin lungu, ta duba ta taga, ta gyaɗa kai.

"Masu gida biyu kuka tara," ta ce. "Wancan na raba wa wayoyi adireshi, wannan ma na rabawa. Kira ya shigo ya rasa ƙofar da zai bi. Zan sa taku a birij."

"Me ke nan?"

"Gada za ta zama. Ba za ta ƙara yanke hukunci ba, miƙawa kawai za ta riƙa yi. Akwatinmu ne zai yi mulki."

"Sunan wayfay ɗin zai canza?"

"Na gida yana nan yadda yake."

Na gida ta ce. Ni kuwa kunnena bai tsaya a kan kalmar ba, don kwastoma na jira. Minti goma ta gama. Kira ya koma garau, Umma ta ga jikokinta suna tsalle a kan gado, har ta yi wa injiniyar addu'a ta raka ta get.

Ƙarfe biyar da kwata ina bakin gado, cikin shuɗiyar rigata mai ɗinkin zare a wuya. Na buɗe manhajar. Wurin jerin wayoyi ya yi fari-fari, in na danna ba ya buɗewa. Wurin baƙi ma haka. Wani ɗan rubutu a ƙasa yana cewa wannan ba ya aiki a yanayin da rautar take. Na fita na sake shiga. Na kashe wayar na kunna. Sai na duba sunayen wayfay da ke kusa. Na gidanmu na nan, na maƙwabta na nan. Shigo Da Sallama babu shi.

Na ruga falon Abba, na ci sa'a yana ɗaki. Motar na ƙarƙashin bishiya. Na ga ya ɗaga wayarsa yana dubawa. Ya sauke gilas ya miƙo ta waje. Ya matsar da motar gaba kaɗan, ya sake dubawa. Sannan, karon farko a wata huɗu, ya juyo ya kalli gidanmu. Kallo mai tsawo. A lokacin ne abin ya dake ni. Ni na rasa ganinsa, amma shi abin da ya gani ya fi muni. Ya san ni ke riƙe da manhajar. A wurinsa, ni ce na rufe ƙofa.

Minti ashirin da biyar ya yi ranar. Labulen na hannuna, ɗagawa kawai zan yi ya gan ni. Na tuna fuskar Abba ranar da ya ce kun yi alkawari, hannuna ya ƙi.

Ran Laraba tun kafin in fara aiki na kira injiniyar.

"Anti, wayfay ɗin baƙi ya ɓace. Jerin wayoyi ma ba ya buɗewa."

"Ai dole. Irin rautarku in ta zama gada, duk waɗannan suna tafiya. Na baƙi, ƙayyade lokaci, toshe wata waya, fifita wata, duk aikin mai mulki ne. Jerin yana cikin akwatinmu yanzu."

"To a mayar da ita yadda take."

"Sai kiranki ya koma yankewa. Kin shirya rasa aikin?"

"A buɗe na baƙi a naku akwatin fa?"

"Za a iya, amma daga lungu zai fito, ta taga ba za ta ɗauko shi ba. Ko falo da ƙyar zai kai." "Ƙanwata, baƙin nan naki a ina suke zama?"

Na ce, "A titi."

Ta yi wata 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Na gane. To ji. Shiga akwatinmu sai da lambar mai layin, kuma sunan yayanki ne a takarda. In ana so a juya, namu ya zama gada taku ta koma mulki, shi ma sai ya nema da kansa, kuma yana ɗaukar kwanaki. Ki kira shi."

In kira Yaya in ce masa me? Na yini ina rubuta saƙo ina gogewa.

Da yammar nan Gwaggo ta zo da mai kemis ba tare da sanarwa ba. Ya ajiye farar motarsa daidai bakin get ɗinmu. Ina zaune a falon Umma, ya kawo mata abin awon jini yana nuna mata yadda ake ɗaurawa, ni kuwa idona na kan agogon bango. Biyar da ashirin na yi na ce zan ɗauko ruwa. Ta tagar Abba na ga motar ruwan toka ta rage gudu, ta tsaya. Ya dubi wayarsa. Ya dubi farar motar. Ko minti biyar bai cika ba ya ja.

Na koma da tiren ruwa, mai kemis ya dube ni ya ce, "Ko ba ki jin daɗi ne?" Na ce kaina ne. Ya ce in rage kallon waya. Da ya san gaskiyar da ya faɗa.

Ran Alhamis da safe na ajiye kunya na kira Yaya. Na fara kewaye-kewaye, wai ina son lambar akwatin ne saboda aiki.

"Auta," ya ce, "Kar A Taɓa kike nema?"

Na ce, "Yaya, ya aka yi ka sani?"

"Ni na sayi rautar nan, manhajar na wayata ni ma. Wata huɗu ina ganinsa. Da farko raina ya ɓaci, na ce zan canza lambar. Matata ta ce in bari in ga iya gudun ruwansa. Sati biyu, wata ɗaya, wata uku. Mutumin nan ko ranar da aka yi ruwan nan da ya cika titi sai da ya zo. Kin ga na canza?"

Kuka ya ƙwace min. Na faɗa masa komai, har da farar motar.

"Daina kuka, ki ɗauko kwamfuta. Na baƙi ba zai dawo ba, amma waya ba ta da wayo. Suna da lamba kawai ta sani. Mu sauya wa na gidan suna zuwa Shigo Da Sallama, mu sa masa tsohuwar lambar baƙi. Yana zuwa za ta hau."

Muka yi. Nan take komai na gidan ya sauka daga intanet. Abba ya ƙwala kira daga falo, wai wa ya kashe masa labarai. Na bi talabijin da wayar Umma da tasa ɗaya bayan ɗaya ina sa lamba, ina cewa gyara ne. Yaya ya turo min lambar akwatin kamfani. Jerinsu ba shi da kyan gani, duk lambobi ne da haruffa, amma sunaye na fitowa.

Ƙarfe biyar na zauna. Biyar da ashirin. Da rabi. Shida. Mai faci ya tattara tayoyinsa ya rufe. Ƙarƙashin bishiyar babu kowa sai wata akuya. Ran Juma'a ma haka. Na buɗe ƙofar da aka rufe, amma mai shigowar ya daina zuwa. Rigar da na sa ranar ban cire ta ba sai da Umma ta ce in zo mu ci abinci, kuma ko loma uku ban yi ba.

Ran Asabar da safe ina shanya a bayan gida wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce, wadda na goge don kada hannuna ya ci amanata, amma na haddace ta kamar sunana.

"Ki yafe min, na karya alkawari sau ɗaya. Na ga amsarki, kuma ban ga laifinki ba. An daɗe ana min tayin aiki a wani asibiti mai nisa ina ƙi. Na karɓa, yau zan tafi. Allah ya sa mai farar motar ya riƙe ki da kyau. Ki gaida Abba, ki ce ya rage hawa matakala da sauri."

Na karanta a tsaye, rigar Umma na ɗiga a hannuna. Yatsana ya kai kan wurin amsa. Kalma huɗu sun isa: ba ni ba ce. Amma in na tura, na zama abin da Abba ya zarge mu da shi, masu yi a bayan idonsa. Na goge hannuna a zani, na nufi falo.

Abba na kan kujerarsa da jarida. Na durƙusa a gabansa na miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Mene ne?"

"Saƙo ne, Abba. Ka ce kada ka gani, to ga shi ya zo. Ban amsa ba."

Ya karanta. Ya sake karantawa. "Wace amsa ya gani?"

Na faɗa masa. Bishiyar, jerin, minti goman, injiniyar, farar motar. Ban rage komai ba, har kwalliyar. Umma ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Wata huɗu?" in ji Abba.

"Kowace ranar aiki."

"Bai taɓa fitowa daga motar ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ke kuma ba ki fita ba."

"Ban fita ba, Abba."

Ya juya ya kalli tagar, inda rautar ke ta ƙyafta koren idonta. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Ni da na zaci ya samu hanyar gudu ne." Ya ninke jaridar ya ajiye. Sai na ga ya danna lambar da babban yatsansa, ya sa a lasifika, ya ɗora wayar a gwiwarsa.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau huɗu. Na riƙe ƙafar kujera. Aka ɗauka, hayaniya ta cika falon, hon da ihun masu kiran fasinja.

"Auta?" Muryar Malam Sannu-Sannu ce.

"Ba ita ba ce. Ubanta ne. Kana ina?"

"Abba... ina tasha. An ɗora kayana, saura mutum biyu motar ta cika."

Abba ya dafa hannun kujera ya miƙe tsaye, ya dubi Umma ya ce ta miƙo masa makullin mota. Sannan ya sunkuyo kan wayar.

"Wace tashar?"